Iyakar Gindin Gawo

Babban Mutum,
Laraba, farkon watan Satumba.

Zuwa ga Yaya Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Madina da yara. Yaya Fatakwal, yaya kasuwar shanu? Mu nan da sauƙi. Firdausi ta yi zazzaɓi amma ta tashi. Abbas kuwa haƙori yake fitarwa, duk abin da ya samu sai ya kai baki. Na ga shinkafa da sabulun da ka aiko Suhaibu direba da su. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Ka yi haƙuri da rubutuna, rabona da biro tun ina aji shida. Wayar gidan nan tana aljihun Baban yara ranar da aradu ta faɗa masa a gona, ta ƙone tare da rigar. In na aika aron ta maƙwabta kuwa, mai ita ce ke kawowa da kanta, ta zauna a gabana har in gama. Akwai maganar da ba ta faɗuwa haka. Shi ya sa zan riƙa ba Suhaibu takarda duk lokacin da ya yi lodin shanu zuwa wajenku.

Yaya, ruwan watan jiya ya yi mana ɓarna. Gero ya kwanta, wake ya ruɓe, gyaɗa ta yi kwana da kwanaki a cikin ruwa. Mai unguwa ya yi shela cewa gwamnati za ta ba manoma tallafin gaggawa, kuɗi da taki da iri. Amma ba a ba mutum sai ma'aikata sun zo gonarsa. Mai gona zai shige gaba ya bi iyakarta da ƙafa, ma'aikaci na biye da shi da waya a hannu, wayar tana zana gonar. Abin da ta zana shi ke shiga takardar gwamnati da sunan mai gona. Sun fara daga wajen Zango, an ce suna nan tafe.

Ni kuwa ka san ina cikin takaba. Audi ƙanin marigayi ya ce ko za a ba shi buhu ɗari ba zai taka gonar nan ba. Ban ga laifinsa ba. Tun ranar da abin ya faru ba wanda ya shiga ko ciyawa ya cire. Ni kaina in hadari ya haɗo sai in tattara yara mu shige ƙuryar ɗaki, in toshe kunne ina salati har ya wuce.

To shekaranjiya sai ga Mati, wanda gonarsa ke jikin tamu ta gabas, wanda suka yi rigimar gindin gawo da Baban yara bara waccan. Ya yi sallama, ya tsaya daga bayan zana, ya ƙara yi mini ta'aziyya. Ya ce kada in damu, in ma'aikata sun zo zai zagaya musu tasa gonar, ya zagaya musu tamu, don in huta. Na yi masa godiya, ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Yaya, me ka gani? Ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Ka gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka,
Kulu.


Fatakwal,
Asabar.

Zuwa ga ƙanwata Kulu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Mu duka lafiya lau, sai ruwan garin nan da ba ya gajiya. Madina na gaishe ki, ta ce a shafa mata kan Abbas. Rubutunki kuwa ya fi nawa, kada ki ƙara ba ni haƙuri a kansa.

Na ji maganar tallafi, na kuma ji daɗin abin da Mati ya yi. Mutuwa tana sanyaya zuciya, Kuluwa. Mutumin da ya yi faɗa da mijinki Sada yana raye, yau ya zo ƙofar gidansa yana neman ya taimaki marayunsa, ai sai a ce Allah ya yi masa albarka. Ki karɓa. Na ma buga wa Audi waya na ce ya gaya wa Mati mun amince, don kada ma'aikata su zo su wuce ana jiran amsata.

Ke dai ki zauna a ɗakinki ki ƙarasa takabarki lafiya. Gefen gawon nan kuwa, in zai zama abin magana, ki bar musu. Ƙasa ba ta kai rai ba.

Zan yi ƙoƙari in zo da kaka in kasuwa ta yarda. Ki riƙa addu'a, ki riƙa cin abinci.

Yayanki,
Zakiyyu.


Babban Mutum,
Litinin.

Yaya Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiyar jiki dai akwai ta.

Kafin takardarka ta iso Audi ya riga ya kai wa Mati saƙonka. Na karanta ta sau uku, na zauna na yi kuka. Laifina ne, kunya ta hana ni gaya maka komai a waccan. Yanzu zan faɗa.

Ka san rigimar, amma ba ka nan ranar da aka yanke ta. Iska ta binne gambar da ke kan iyaka, Mati ya ce gawon da ƙasar da ke gindinsa nasa ne, Baban yara ya ce na mahaifinsa ne. Aka je gaban mai unguwa. Ka san Baban yara da zuciya. Da Mati ya ce masa ɓarawon ƙasa, sai ya miƙe a gaban mutane ya ce, in ya ci taku ɗaya na gonar Mati, aradu ta faɗa masa a wurin. Mati ya janye, aka bar mana gawon, Baban yara ya sake dasa gamba.

Yaya, a gindin gawon nan aradun ta same shi. Ya je kwance jaki da ya ga hadari ya taso. Shi da jakin.

Ka gane yanzu? Tun kafin a yi sadakar bakwai garin nan ya gama yanke hukunci. Matan da ke zuwa gaisuwa sai su riƙe hannuna su ce Allah ya yafe masa, da wata irin murya. Ba su cewa Allah ya ji ƙansa, sai Allah ya yafe masa. Firdausi ta dawo daga Islamiyya ta ajiye jaka ta ce ba za ta koma ba, wai yara suna ce mata 'yar wanda sama ta kama. Ta tambaye ni, Umma, da gaske Baba ƙarya ya yi? Na ce ta rufe mini baki. Abin da na iya ce mata ke nan.

In Mati ne ya shige gaban ma'aikata, ina kake tsammani zai bi? Zai bi ta bayan gawo ne ya bar mana shi? Zai ratsa ta yamma da shi, wayar ta zana, gwamnati ta rubuta. Ba ƙasar ce ta dame ni ba, ko zanin gado uku ba ta kai ba. Amma ranar da aka ce iyalan Sada da kansu sun bar wurin, ranar mun sa hannu cewa ya rantse a kan ƙarya. Yaran nan da sunan za su girma.

Sai ga shi ka rubuta mini, ki bar musu. Yaya, kai ma abin da kake gani ke nan? Kai da kuka ci tuwo a kwano ɗaya da shi? In haka ne ka faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Na saba yanzu.

Na aika an tambayo mini Malam limami. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in larura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ya ce kuma aradu ba alƙali ba ce, ajali ne kawai. Na ji da kunnena, amma zuciyata ba ta ji ba.

Ka amsa mini da wuri, don Allah.

Kulu.


Babban Mutum,
Alhamis, ƙarshen Satumba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. An ce motar Suhaibu ta lalace a hanya, ban sani ba ko takardata ta kai gare ka, ko ta kai ka rasa abin da za ka ce. Wannan zan ba yaron wata motar, ko Allah zai sa ta isa.

Ma'aikata sun gama da ƙauyukan Baure na kudu. Mai unguwa ya ce ranar Talata za su shigo unguwarmu. Na aika wa Mati cewa na gode, ni zan zagaya da kaina. Matarsa ta zo har ɗaki ta ce, Kulu, ki ji tsoron Allah ki ji tausayin yaran nan, sun rasa uba, kada su rasa uwa. Ta ce wanda ya maimaita sawun mai rantsuwa ya ɗauki rantsuwar. Ban san ko akwai wannan a littafi ba. Tana faɗa tana hawaye, kuma na ga ba na munafunci ba ne. Ita ma ta yarda da abin.

Ruwan ƙarshen damina ya fi kowane tsawa, ka sani. Kullum da la'asar gabas sai ta yi baƙi. Jiya aka yi wata tsawa, kwanon da ke hannuna ya faɗi, na tsinci kaina a durƙushe a bayan randa, Abbas na ihu ban ma ji shi ba.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ni ban san iyakar nan ta asali ba. Da aka kawo ni gidan nan gambar ta riga ta fara binnewa. Abin da ya faɗa mini shi na sani. In na kwanta sai in ce, to in ya yi kuskure fa? Ba ƙarya ba, kuskure. In ya kauce da taku ɗaya bai sani ba? Sai in ji kamar na ci amanarsa da wannan tunanin, in yi ta istigfari.

In wani abu ya same ni ranar Talata, Firdausi da Abbas naka ne. Kada ka bar su a garin nan. Firdausi ba ta cin kuɓewa, kada Yaya Madina ta ɗauka raini ne.

Ka yafe mini abin da na yi maka.

Kulu.


Fatakwal,
Lahadi.

Kuluwa,

Wa'alaikumus salam. Takardunki biyu yau suka iso tare. Na karanta su a tsaye a bakin mota, na kasa komawa cikin kara. Na buga wayar Audi ya fi a ƙirga, ba ta shiga.

Wallahi tallahi ban taɓa cewa Sada ya yi ƙarya ba, ko a zuciyata. Ban ma san abin da ake faɗa a garin ba, ba wanda ya gaya mini. Da na ce ki bar musu, tsoro ne ya yi magana. Ni na sa shi a kabari da hannuna, na ga abin da wutar nan ta yi masa. Ba na son ko inuwarki ta je wurin. Iyakar abin da nake nufi ke nan, kuma na yi wauta da na aika wa Mati ban tambaye ki ba.

Ni ma ban san iyakar ba. Amma na san Sada. Mutumin da ya taɓa bin Bafillatani har Mai'aduwa a kan keke don ya mayar masa da igiyar da ya manta a rumfarmu. Ki gaya wa Firdausi kawunta ne ya faɗa.

Duk da haka ina roƙonki kada ki je. A bar tallafin, a bar zanen, ni zan ciyar da ku har wata daminar. In kuma kin riga kin ƙudura, to na san ki tun kina rarrafe, ba a juya ki. Ki yi alwala, ki fita da safe kafin hadari, kada ki daɗe a gindin itacen.

Na san wannan takardar ba za ta riga Talata isowa ba. Ina rubutawa ne don hannuna ya samu abin yi. Ki aiko mini ko da kalma ɗaya.

Yayanki,
Zakiyyu.


Babban Mutum,
Juma'a, watan Oktoba.

Zuwa ga Yaya Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina raye. Na fara da wannan don ka zauna ka karanta sauran a natse. Audi ya ce ya same ka a waya ya faɗa maka, amma na san Audi, rabin magana yake kawowa. Yara lafiya. Haƙorin Abbas ya fito, biyu a ƙasa. Takardarka ta zo jiya, na ba Firdausi ta karanta wurin igiya da kanta, ta kuma sa ta a cikin littafinta ta hana ni.

Ka ce in fita da safe. Da safen na shirya, amma ma'aikata ba su iso unguwarmu ba sai bayan azahar. Na yi alwala, na sa hijabin takaba, na bar yara wurin Inna Maiturare, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu. Sai ta ce ita ba mai gadin yara ba ce yau, ta miƙa su ga surukarta, ta ɗauki sandarta ta biyo ni. Rabona da waje tun ranar da aka fita da Baban yara. Hanyar ma sai na ga ta yi mini faɗi.

Da muka isa, rabin unguwa na can. Ba wanda ya shiga gonar, duk sun jeru a kan hanya kamar masu jiran gawa. Gabas kuwa ta fara haɗewa.

Ma'aikaciyar da aka ba mu yarinya ce, sunanta Yasmin, da hijabi da takalmin roba. Ta tambayi sunan mai gona, na faɗa, na ce ya rasu, ga 'ya'yansa. Kafin ta rubuta sai Mati ya matso ya ce wa mai unguwa gefen gawo nasa ne, kowa ya ga yadda Allah ya nuna. Yarinyar ta ce ita ba ta raba gardama. Wanda ya ce wuri nasa ne ya shige gaba ta bi shi. In mutum biyu suka bi wuri ɗaya, sai ta rubuta akwai rigima, a dakatar da gonakin biyu.

Mai unguwa ya ce, to Mati, bisimilla, fara taka.

Daidai nan aka yi wata tsawa daga nesa, mai gurnani. Mati ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, ranka ya daɗe, a bari hadarin nan ya wuce mana, ai ba gudu ake ba. Yarinyar ta ce motarsu ba za ta kai magariba ba, gobe kuma suna wata gunduma.

Inna Maiturare ta ce, af, Mati, ba kai ka ce mana sama ta san mai gaskiya ba? To shiga mana ta gaishe ka.

Ya ce, Inna, ki bar wannan magana, ba wasa ba ne.

Ta ce, da can da kake yinta a bakin masallaci wasa ne?

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce wa yarinyar, 'yata, mu je.

Yaya, ciyawa ta kai ƙugu. Geron da ya shuka da hannunsa yana kwance a cikinta, wani ya yi kai a kwancen. Na bi gefen kudu, na juya gabas, ina bin gambar da ya dasa. Iska ta taso tana jan hijabina. Ina jin sawun yarinyar a bayana. Da gawon ya matso sai na tsaya. Ban taɓa ganinsa ba tun da abin ya faru. Ya tsage tun daga sama, gefe ɗaya baƙi ƙirin. Guntun igiyar jakin na nan a ɗaure.

Aka yi walƙiya. Na ji yarinyar ta kama bakin hijabina. Ta ce, Umma, wallahi ni ma tsoro nake ji, ga waya a hannuna. An gaya mini abin da ya faru tun a mota. Na ce, to ki koma. Ta ce, in na koma zanen ya yanke, sai an sake daga farko. Ki dai yi sauri.

Ban iya sauri ba. Na ce a zuciyata, ya Allah, ban san iyaka ba, na san mijina. In kuskure ya yi, kai ne mai yafewa, ba sai ka aiko wuta ba. Na ɗaga ƙafa. Muka bi ta bayan gawon, ta gabas da shi, inda gambarsa take. Tsawa ta fashe a kanmu har na ji ta a cikin cikina, yarinyar ta yi salati da ƙarfi, na ji mata suna kururuwa daga hanya. Na duba, ga ni a tsaye, ga ta a tsaye. Muka ci gaba. Ban san lokacin da na miƙa hannu na kwance guntun igiyar ba, sai a hanya na gan ta a hannuna.

Da muka fito ta nuna mini wayar. Ga gonar kamar ɗan ganye, ga ɗan kumburi ta gabas inda muka zagaye itacen. Ta rubuta magadan Sada, ta ɗauke ni hoto ina rawar sanyi.

Mai unguwa ya ce, Mati, saura kai. Ya zagaya tasa da sauri, yayyafi na dukansa. Da ya zo gefenmu sai ya bi can nesa da gamba, bai ko kalli gawon ba. Yara suka fara yi masa waƙa, na sa Audi ya kore su. Ban ji daɗin dariyar da aka yi masa ba, Yaya. Na san ɗacinta. Kuma ni ba zan ce gudun da ya yi ya nuna ƙarya yake ba, kowa ya ga hadarin nan zai ji tsoro. Malam ya yi gaskiya, sama ba ta yanke wa kowa hukunci ba, ba ranar ba, ba kuma waccan ranar ba. Amma tunda da ita suka auna shi, to sun ga ta bar ni na wuce.

Tallafin bai zo ba tukuna. An ba ni wata 'yar takarda, an ce a saurari kira daga Baure. In ya zo alhamdulillahi. Audi ya ce zai shiga ya yanke abin da ya rage na geron, shi da abokansa.

Har yanzu in an yi tsawa ina toshe kunne, kada ka ɗauka na zama jaruma. Na dawo ɗakina kafin magariba kamar yadda Malam ya ce, ban kuma sake fita ba.

Shekaranjiya matar Mati ta shigo da ƙwaryar fura. Ta zauna. Da za ta tashi ta riƙe hannuna ta ce, Allah ya ji ƙan Sada. Na jira in ji sauran, ba ta ƙara komai ba. Na ce amin.

Firdausi ta koma Islamiyya. Igiyar tana rataye a inda yake rataye hularsa.

Ka gaida Yaya Madina. Ka zo da kaka, ko kasuwa ba ta yarda ba.

Ƙanwarka,
Kulu.